Kalifa Millogo, Wanda Ya Ce Kada a Sayi Tsohuwa

A da, kafin masu burodi su gama jera kwandunansu a bakin titin filin jirgin Bobo-Dioulasso, Kalifa Millogo ya riga ya jingine babur ɗinsa a gindin mangwaro, ya tura ƙofar rumfar jiragen ƙungiyarmu. Ba ya gaida kowa sai ya gaida Tsohuwa. Tsohuwa kuwa jirgi ce, 'yar ƙarama mai ruwan ɗorawa, kujera ɗaya gaba ɗaya baya, kuma ta girmi yawancinmu. Jikinta bututun ƙarfe ne da katako, an lulluɓe da yadi an shafe da fenti. Zai zagaya ta yana ɗan ƙwanƙwasa fiffike da yatsa kamar mai gwada kalangu, ya leƙa kowace kafa ko zanzaro ya yi gini, ya shinshina ko ɓera ya kwana a ciki. Sai ya gama duk wannan zai zauna ya sha kununsa, wanda kullum ya riga ya huce.

Mu 'yan ƙungiyar nan ba wasu matuƙa ba ne na a zo a gani. Likita ne, da ɗan kasuwa, da tsohon ma'aikacin auduga, muna zuwa ranar hutu mu ɗan leƙa sama mu dawo mu cika mutane da labari. Mu ake ɗauka hoto. Kalifa kuwa, makanikin da ya fi shekara talatin yana riƙe da rayukanmu a tafin hannunsa, in ka gan shi a hoto to bayansa ne, ya sunkuya cikin inji.

Kuma wallahi mutumin nan tsoron sama yake yi! Amma ya kafa wa kansa doka: duk jirgin da ya taɓa da sifana, tashin farko da shi za a yi. Waɗanda suka ɗauke shi sun ba da shaida, ido a runtse yake tafiya, ya ƙanƙame kujera, bakinsa na motsi da addu'a, kunne kaɗai ya bari a buɗe yana sauraren inji. In an sauka sai ya fito yana layi, ya ce, "To, yanzu kuna iya ɗaukar 'ya'yan mutane." Samarin da ya koya wa aikin duk sun tafi manyan kamfanonin jirage a Abidjan da Dakar, kuma shi ya kora su da kansa, ya ce kada su tsufa a rumfar da ba ta iya aurar da mutum.

Kalifa, kai ne ka ɗinke fiffiken Tsohuwa da allura da zare, ɗinki bayan ɗinki, lokacin da kowa ya ce a kai ta bola. Kai ne ka taɓa hana shugaban ƙungiya tashi a gaban baƙinsa saboda wata ƙara da kai kaɗai ka ji, ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwarka, ba ka fasa gaishe shi ba. Sannu, Kalifa, mai kunnen inji.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru bara. Mai Tsohuwa ya rasu, 'ya'yansa suka ce sayarwa za su yi. Wasu Turawa masu tara tsofaffin jirage suka aiko cewa suna so, za a kwance ta a sa a kwantena a haye teku da ita. Magada suka ce in akwai ɗan gari mai so, shi za a fara ba. Ɗan garin kuwa mutum ɗaya ne tak, Madam Rokiatou Barry mai shagon magani, wadda ta koyi tuƙi bayan ta aurar da 'ya'yanta. Burinta bai wuce ranar Lahadi ta tashi ta bi ta kan gonakin rake na Banfora, ta zagaya duwatsun Sindou, ta dawo kafin azahar ba. Har ta fara neman mai sayen filinta don ta haɗa kuɗin.

Sai dai zuciyarta ta rabu biyu. Man jirgi yana da tsada, kayan gyara sai an aiko daga waje, ita Tsohuwa kuma ko makunni ba ta da shi, sai wani ya tsaya a gaba ya murɗa farfela da hannu kafin inji ya kama. Rannan muna zaune a gindin mangwaro ta ƙwala wa Kalifa kira. Ita Bafillatana, shi ɗan ƙabilar Bobo, abokan wasa ne tun kakanni, ba a jin gaisuwar arziki tsakaninsu.

"Kai bawana, zo nan! Ka wartsake daga burkutun jiya?"

"Ɓarauniyar shanu, ni da ko warinsa ban sani ba. Me kuma kika zo sata?"

"Tsohuwarka nake so in saya. Amma ban san cikinta ba, kai ka sani. In ka ce saya, gobe in sayar da fili. In ka ce bari, na bari. Maganarka kawai nake jira, maci tsutsar kaɗanya."

Kowa ya yi dariya ban da Kalifa. Ya gane abin da aka ɗora masa. Kalma ɗaya daga bakinsa, Tsohuwa ta zauna a Bobo, ya ci gaba da ganinta har ƙarshen ransa. Wata kalmar kuma, a nannaɗe ta a tafi da ita inda ba zai ƙara jin ƙararta ba. Ya ce ta ba shi mako guda.

Makon nan mun dame shi, ba na ɓoyewa. Wannan ya ja shi gefe, wancan ya kira shi a waya. "Haba Kalifa, me za ka tsaya tunani? Jirgi lafiyayye, mai saye ta gida, ka ce mata to mana!" Shi dai sai ya gyaɗa kai. Matarsa ta ce tuwo ma a kwano yake barinsa. Aka riƙa ganinsa zaune a ƙarƙashin fiffike yana kallon hannunsa na dama, ba wanda ya kawo komai a ransa.

Ranar Asabar ya fito da Tsohuwa fili, ya sa katako a gaban tayoyi, ya ce Rokiatou ta hau ta taka birki. Ya tsaya a gaban farfela yadda ya saba, ya ɗora hannu, ya ja. Farfela ta ɗan motsa ta koma. Ya sake ja, haka. A na uku muka ga fuskarsa ta yamutse, hannun ya zube a gefensa kamar ba nasa ba.

Rokiatou ta sauko da sauri. "Kalifa, lafiya? Injin ne?"

"Injin ƙalau yake. Babu abin da ke damun Tsohuwa, ko yau za ta kai ki Banfora ta dawo. Ni ne na lalace." Ya ɗaga hannun, bai wuce kafaɗa ba, yatsun suna rawa. "Tun damina yake haka. Da dabara nake tayar da ita, yau kuwa na ce ki gani da idonki. Zare ma ba na iya sa wa allura. Wanda ya sayi jirgin nan, da ni ya haɗa ya saya, ni kuma na ƙare."

"To sai me? Sai mu riƙa ɗauko wani makaniki daga Ouaga, babban birni."

"Ya zo sau nawa? Sau ɗaya a wata uku? Zanzaro wuni guda yake gininsa. Tsohuwa kullum take son hannu, ke kuma ba za ki rufe shago ki zo leƙen ramuka ba. Kuma na san taurin kanku, 'yar Fillo. Wata Lahadi gari zai yi kyau, ba wanda ya duba ta, ki ce bari dai in ɗan zaga." Sai ya ƙara da cewa, "Kada ki saya. Ki bar filinki. Ki riƙa hayar sabon jirgin ƙungiya kina shan iskarki. Ni ban shirya zuwa zaman makokin Bafillatana ba, nono kawai za a ba ni."

Ta ce, "Ka san tafiya za a yi da ita?"

"Na sani. Can akwai masu hannu."

Ni kam raina ya ɓaci a ranar, har na tafi gida ban yi masa sallama ba. Sai da na kwana biyu na gane cewa duk cikinmu ba wanda zai yi rashin da ya kai nasa, kuma shi kaɗai ne ya tuna da cewa mace ce mai rai da jikoki za ta hau jirgin.

Da Turawan suka turo ma'aikata su kwance ta, bai yarda kowa ya fara taɓa ta ba. Ya tsaya a kansu, da hannun hagu yake kwance abin da zai iya, sauran yana nunawa. Ya sa aka kawo auduga buhu-buhu aka naɗe fukafukan, yana ta faɗa, "A hankali, ba itacen wuta ba ne!" Da aka rufe kwantena mota ta ja, ya kasa tayar da babur ɗinsa. Rokiatou ce ta sa shi a motarta. Daga baya ta ce mana har suka isa unguwarsu hawaye na bin gemunsa, ita ma tana yi, ba wanda ya tsokani wani. A ƙofar gida ne kawai ta iya cewa, "Sauka, bawana," shi kuma ya ce, "Na gode, uwar ɗakina." Bai taɓa amsa mata sunan nan ba sai ranar.

Ƙarshen watan nan Kalifa zai ajiye aiki. Kalifa, mun gode. Kai ne wanda aka ba zaɓi tsakanin abin da ransa ke so da ran wani, ka tona asirin hannunka a bainar jama'a don kada a yi saye a kan ƙarya. Allah Ya ba hannun nan lafiya, Ya sa ka huta cikin jikokinka.

Ku kuma masu sana'a, makaniki ne kai ko magini ko mai ba da magani, wata rana wani zai zo ya ce maganarka kawai yake jira. Ku yi irin ta Kalifa. Rokiatou Barry tana nan da ranta, jiya ma ta tashi da jikanyarta a jirgin haya, kuma kafin ta tafi filin sai da ta biya ta gidansa ta zage shi yadda suka saba.