Sajan Manga da Kyamarar da Ta Ƙwace Mini Fada

Tun shekarar da rana ta yi zazzaɓi, kaji suka koma akurki da hantsi, ban ƙara ganin gari ya yi mini duhu da rana tsaka ba sai Talatar da ta wuce. Ina zaune gindin ɗorawa ina gyaran ƙotar fartanya, Rifkatu ɗiyar Sajan Manga ta zo ta durƙusa, ta ce, "Baba, abokinka ya tafi." Na ce ya tafi ina, Mahuta ko Kanya? Sai ta rufe fuska da gyale.

Tare muka yi golmo da Manga, noman da saurayi ke yi wa surukai kafin a ba shi mata. Shi ya tafi soja, ni na zauna ina riƙe wa garin nan abin da ya wuce. Ban shiga aji ba, amma wa ya haifi wa, wa ya kayar da wa a kokawar bikin Uhola, duk a kaina suke. In gardama ta tashi a Zuru, wurina ake zuwa. Haka muke har Manga ya yi ritaya ya dawo da ciwon ɗaukar hoto.

Zazzaɓin ranar nan ne ya jawo mini. Ya ɗauke shi da tsohuwar kyamararsa mai fim, ya aika wanki Kontagora, hotuna suka dawo baƙi ƙirin. Ya ce ya gama da fim, zai sayi ta zamani, wadda ake ganin hoto a bayanta nan take, ake cire mata ido a sa wani. Kuma wai sai na raka shi Kaduna.

Mai kanti ya jera mana uku. Ƙarama kamar sabulu, babba mai nauyin turmi irin ta 'yan jarida, da ta tsakiya. Ishaya ɗan Sajan, da ke aiki a Kaduna, ya nace sai babbar. Mai kanti yana ta zuba lambobi da Turanci. Sajan ya ce, "Ɗana, ba lamba na zo saye ba. Kyamara kamar fartanya ce, hannu ke zaɓa." Ya ɗaga kowace ya kai ido, sannan ya juyo gare ni.

"Dudu, jefa hularka sama."

Na ce, "Ni da furfurata, a tsakiyar Kaduna?"

"Jefa mana, tsohon banza. Wadda ba ta kama hula a iska ba, ba za ta kama ƙafar ɗan kokawa ba."

Na jefa. Ƙaramar sai da hula ta faɗi ƙasa ta yi ƙyas. Babbar ta kama, amma ya ce wanda zai hau dutse da wannan sai ya ɗauki ɗan dako. Ta tsakiyar ta tsayar da hulata cak a sama, har zaren bakinta ana gani. Ya ce, "Ƙaramar ta 'yan biki ce, babbar ta masu ci da ita. Ni sha'awa ce ta kawo ni, ta tsakiya ta ishe ni, sauran ƙarfin in sa shi a ido mai jawo nesa." Da hulata aka zaɓi abin da ya zo ya ture ni.

A Uholar shekarar aka yi gardama kan wani ɗan kokawa daga Dirin Daji, ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa. Na gyara zama ina jira a zo. Ba wanda ya zo. Duk sun yi dafifi bayan Sajan suna leƙen ɗan gilashin nan. Har yau ina cewa ba ta taɓa ba, kyamara ta ce ta taɓa, kuma ita aka bi. Tun daga ranar na rantse ba za ta ga fuskata ba. In ya ɗaga ta, sai in juya masa ƙeya. Ya yi dariya ya ce, "Ka yi ta gudu, hularka dai tana ciki."

Amma gaskiya ɗaya ce, ko tana da ɗaci. Mutumin nan ya bi ƙauyuka da ƙafa yana ɗaukar tsofaffin da ba a taɓa ɗauka ba, da matan sojojin da mazansu ba su dawo ba. Ya wanke ya kai musu har gida, bai karɓi ko ƙwan zabo ba. Yakan ce, "Talaka ma yana da fuska." Ni da na shekara ina riƙe sunayen kakanninsu, ba wanda ya taɓa rataye ni a bango. Shi ko, ɗaki nawa aikinsa ke rataye? Jiya a wurin makoki kowa hoton da Sajan ya yi masa yake ambata. Na zauna ina ji, idona yana zuba.

Allah ya jiƙan Manga, ya yafe masa kurakuransa, ya ba shi hutu wurin da ba a gardama. Allah ya ba matarsa Mama Ladi haƙurin zaman da babu shi, ya riƙa wa Ishaya da Rifkatu, ya haɗa kansu.

Na ji Ishaya zai koma Kaduna jibi da kyamarar, da duk fuskokin da ke cikinta. Da yawansu suna ƙasa, kuma Sajan fuska ya kama, bai kama suna ko ɗaya ba. In ta tafi haka, baƙi ne za su zauna cikin akwati. Gobe da safe zan sa babbar rigata in je gidan, in zaunar da Rifkatu, ta riƙa nuno su ɗaya bayan ɗaya ina faɗa mata wane ne, ɗan wane, har su zauna mata a ka. In mun iso kan hular nan, sai ta juyo da abin ta ɗauki mai hular.