Gwaggo Ba Ta Karɓar Haya

Shekarar da wata ƙungiya ta ɗauke ni aikin rigakafin yara ta tura ni Ajingi, ba abin da nake so a duniya irin ɗakin da zan shiga in turo ƙofa ba wanda zai tambaye ni dalili. Aurena ya mutu, na koma gidanmu a Gaya, na yi zaman da kowace bazawara ta sani. Ki fita a ce ina za ki, ki dawo a ce daga ina, ki yi shiru a ce me ke damunki. Na gaji har wuya.

Babanmu ya ce mace ba ta kama haya a gidan bare alhali yayarsa tana garin. Gwaggo ke nan, tsohuwa mai sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, wadda ɗanta ya koma Kano ya bar mata sashe guda, ɗaki da falo, ba kowa a ciki. Na ce na yarda, amma da sharaɗi: haya zan biya, kamar kowa. Na san halin dangi. In ka zauna musu kyauta, to har numfashinka nasu ne.

Da na faɗa wa Gwaggo sai ta dafe ƙirji. Ta ja ni uwar ɗaka, ta sako labule, ta ce, "Haya, 'yar nan? Ni da ke?" Sannan ta yi ƙasa da murya ta yanka mini farashi. Daga baya na bincika na gano ko masu shago a bakin kasuwa ba sa biyan haka.

Ban damu ba, wallahi. Gwaggo ta iya zama mai gida. Tana sanin albashi ya shigo tun kafin wayata ta yi ƙara. Kalmar haya dai ba ta taɓa fita daga bakinta, sai dai ta leƙo ta ce, "Wata ya yi nisa fa," ko kuma, "Ina labarin abin nan?" In ba ta, ta soke a lalita, mu rabu lafiya. Ni kuma na samu abin da na saya. Ƙyaure ya ɓalle, ta kira kafinta. Ba mai shigar mini sai da sallama. In na dawo daga ƙauye na kwanta, ta kori yaran maƙwabta daga tsakar gida. Ko La'asar na fita ko Magariba na dawo, ba ta taɓa cewa ina ba. Na yi ƙiba a watannin nan.

Ana nan sai ofis ya sanar cewa duk wanda aka tura wajen garinsu za a riƙa ba shi alawus na haya. Ko a gidan ɗan'uwa kake haya ba laifi, amma sai an turo wani ya ji daga bakin mai gidan, saboda an sha kama masu kwana a ɗakin uwarsu suna cewa haya suke. Na yi murna, don hayar Gwaggo tana cin albashina ba kaɗan ba. Na same ta na yi mata bayani dalla-dalla. Na ce za a zo, za a tambaye ta ko ina biya, abin da ake so kawai ta ce e.

"Ke, ni za ki koya wa magana?" in ji ta. "Ina ciniki a kasuwar garin nan tun ubanki yana yawo ba wando. Su zo mana. Gaskiya ce zan ji kunyar faɗa?"

Da jami'ar da aka turo ta zo ranar da ba kowa a gidan, da yanzu ba ni da labarin bayarwa. Sai ta zo ranar matsar mai. Tsakar gida cike da matan unguwa, wasu na juya tunkuza a turmi, wasu na murza ƙuli, kasko na ta ƙara a kan murhu. A cikinsu har da maƙwabciyarmu ta jikin katanga, wadda in ta ji magana da hantsi, kafin Azahar an ji ta a Toranke.

Jami'ar yarinya ce 'yar Kano, da gilashi da jaka, mai ladabi ƙwarai. Ta durƙusa ta gaishe da Gwaggo. Matsalarta ɗaya, ta ɗauka duk tsohuwa kurma ce. Ta ɗaga murya yadda har na soro zai ji, ta nuna ni ta ce, "Baba, wannan 'yar hayarki ce? Tana biyan ki kuɗin haya duk wata?"

Taɓarya ta tsaya. Masu murza ƙuli suka ɗago. Maƙwabciya ta gyara zama, har da kunce ɗankwali ta fito da kunne.

Na ga Gwaggo ta dubi matan ɗaya bayan ɗaya. 

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Ta tafa hannu. "Haya? 'Yar ƙanina, uwa ɗaya uba ɗaya? Yarinya, ke 'yar wane gari ce? Ni da na goyi ubanta a bayan nan zan karɓi haya a hannunta? Me zan ce wa iyayenmu ranar gobe? Wallahi tallahi hannun nan ba zai taɓa kuɗin hayar jinina ba! Gidan ubanta ne, ta zauna har ta gaji."

Matan suka ɗauki salati da sa albarka. Wata ta ce irin su Gwaggo sun ƙare a duniya. Lalitar da kuɗina na watan jiya ke ciki tana nan ɗaure a ƙugunta, ina ganin tudunta ta cikin zane.

Jami'ar ta juyo gare ni. "Malama, haka ne?"

Me zan ce? In ce ƙarya take, a gaban matan da za ta ci gaba da zama da su har a ɗauki gawarta? Gwaggo ba ta dube ni ba, ƙasa take kallo. Na ji kamar in shaƙe ta, na kuma ji tausayinta, duk a lokaci guda. Na ce, "Haka ne."

Yarinyar nan har da ƙwalla. Ta ce a Kano wa yana kai ƙaninsa kotu a kan haya, yau ta ga zumunci da idonta. Gwaggo ta cika mata kwalba da mai, ta ƙulle mata ƙuli a leda. Da na raka ta soro sai ta cire gilashi ta yi mini nasiha a hankali, wai in ji tsoron Allah, in daina neman abin da ba haƙƙina ba, ba za ta kai ni gaba ba saboda darajar tsohuwar nan. Na ce na gode. Ni aka cuta, ni na yi godiya.

Da mutane suka watse na shiga ɗakinta ina huci. Ta riga ni magana. "Ke ba ki ga idon matan nan ba? So kike a yi da ni a gidan suna?" Na ce to alawus fa? Ta ce Allah zai kawo wani.

Na ɗauka an gama, asara ce na yi ta wuce. Ashe ba a fara ba. Wata ya ƙare na kai mata kuɗi yadda na saba, ta janye hannu kamar na miƙo mata garwashi. Ta ce ta rantse. Na ce Gwaggo ai akwai kaffara, ki ciyar da miskinai, ni zan sayi hatsin. Ta ce, "Kaffara tsakanina da Allah ce, Shi mai gafara ne. Waccan ta jikin katanga fa, wa zai ba ta haƙuri in ta ji?"

Haka na koma 'yar gida ƙarfi da yaji. Da kaka ta yi, na dawo aiki na tarar da buhunan gyaɗa jibge a falona, wai ɗakin ajiya ya cika. Baƙi suka zo biki daga ƙauye, aka shimfiɗa musu a gadona, ni na kwana a tabarma. Duk matar da kanta ya sara a unguwar sai Gwaggo ta ce ta shiga wajen 'yarta ta duba ta, ko ina barci. Rufi ya fara yoyo na yi magana, ta ce ai gidanku ne, in kin gyara kanki kika yi wa. Rannan na ɗauki mayafi zan fita, sai na ji daga bayana, "Ina za ki da yamman nan?" Na tsaya cak. Abin da na baro a Gaya ya biyo ni har Ajingi, ko kuɗin mota bai biya ba. Babanmu kuwa ya bugo waya yana ta murna, labarin alherin yayarsa ya iso masa, ya ce in riƙe ta da kyau, in yi mata biyayya.

Na yi haƙuri har na ƙoshi. A ɓoye na nemi ɗaki a gidan wani ɗan kasuwa da bai san ubana ba, bai kuma damu ya san shi ba. Mutumin ko gaisuwa ba ya amsawa da kyau, ni kuwa hakan ya yi mini daɗi. Na shirya maganata tsaf, na shiga wajen Gwaggo bayan Azahar in gaya mata zan tashi.

Na same ta zaune ta ɗaure kai da tsumma, ƙafafunta sun kumbura sun yi suntum. Na manta da abin da ya kawo ni, na koma na ɗauko abin awon jini. Abin da na gani ya tayar mini da hankali. Na ce ina maganin hawan jininki? Ta nuna mini gwangwani da baki. Na buɗe, ba komai sai tsofaffin katunan magani da aka ɓare tas.

"Tun yaushe?"

"Tun da aka daina abin nan," in ji ta, ba ta kalle ni ba. "Da shi nake saye. Mai ba ya kawo komai yanzu, gyaɗa ta yi tsada."

Na yi mata faɗa kamar ni na haife ta, ina yi ina kuka. Wato ta gwammace jini ya kayar da ita da a ce ta karɓi haya. Na tafi kemis na sayo na wata guda. Wannan kam ta karɓa hannu biyu, a tsakar gida, ta ɗaga ledar sama don a gani ta kan katanga, tana cewa Allah ya yi wa 'yar ƙaninta albarka. Magani ba haya ba ne, zumunci ne. Na aika wa ɗan kasuwa cewa na fasa.

Daga nan duk wata ni ce magani, ni ce awo, ni ce kuɗin mota in za ta ga likita a Gaya. Abin ya fi hayar nesa ba kusa ba. Da ƙafar ta saɓe ta fara zagaya gida tana ba da umarni, sai na ga dama ta samu. Na same ta ita kaɗai, na sako labule, na yi ƙasa da murya.

"Gwaggo, tunda dai ga shi ina yi, ko za a kwashe mini buhunan nan daga ɗakina?"

Ta haɗiye ƙwayar da na saya mata, ta kora da ruwa, ta ajiye kofin.

"Wane ɗakin naki?" ta ce. "Ke da kike zaune kyauta?"