Kifin da Aka Juya a Gidan Mak Seripah

Duk tsibirin Lingga an san Mak Seripah, wato Inna Seripah, mai ƙyafe kifi, da zaman zullumi. Tun da teku ta cinye mijinta take kwana da fargaba, ta tashi da ita. Wani malamin makaranta ya taɓa gaya mata wai "cinta", kalmar da muke kiran so da ita, fataken Indiya ne suka kawo mana, kuma a bakinsu damuwa take nufi. Ta ce, "Ashe su ma sun haihu."

Ɗa guda gare ta, Bahrin, shi ma masunci. In yana kan ruwa ba a juya kifi a faranti, kowa ya san haka: ka ci sama, ka ɗage ƙaya, ka ci ƙasa. Ka juya kifi, ka kife jirgi ke nan.

To, Bahrin ya tashi ya auro Wulan daga duwatsun Jawa, inda ko kwalekwale babu. Wata shekara iskar arewa ta taso, jirage suka dawo ban da nasa. Mak Seripah ta daina cin abinci, ido kullum a bakin ruwa. Wulan, da tsohon cikinta, ta soya kifi ta kai mata, ta yi ta lallashi har tsohuwar ta ɗan tsakuri sama.

"Mak, ga ɓangaren da ya fi tsoka," in ji yarinyar, ta juya kifin.

Mak Seripah ta zabura. Ta ɗaga hannu za ta kwaɗa mata mari, sai ta ga baiwar Allah murmushi take, ba ta ma san ta yi wani abu ba. Ta sauke hannun. Ta tallabi kifin da hannu biyu ta mayar da shi yadda yake, tana cewa, "Tashi, ɗana, tashi."

Da aka tsinci jirgin Bahrin a kife, babu shi, mata suka cika gidan. Wata maƙwabciya da ta leƙo ran nan, ta tarar ana mayar da kifin, ta riga ta baza cewa an juya kifi, yanzu wadda ta juya suke nema. A garin nan mai irin wannan hannu ba a ƙara cin girkinta, ba a ɗaukar mata jariri.

Mak Seripah ta dubi cikin Wulan. Ta ce, "Ni ce. Tsufa ya sa na manta."

Har ta mutu ba wanda ya ƙara sayen kifinta.