Wadda Aka Sallama

Lallen da ke farcenta ya gangaro can baki, saura ɗan siririn ja, sauran duk sabon farce ne fari. Da shi za ka gane ta daɗe a ciki.

Tana zaune a benci a ƙofar asibitin masu daina shaye-shaye, jaka a cinya, mayafinta a goge. Yau aka sallame ta. Rigar ta yi mata yawa, amma idonta garau yake. Duk motar da ta rage gudu sai ta gyara zama. Da gani 'yar gidan mutunci ce, wataƙila ɗaliba, irin waɗanda ke fara shan maganin tari don su samu barci, ya zo ya fi ƙarfinsu.

Ta ari wayar maigadi.

"Yaya, ni ce. Tun safe nake jira."

Muryar yayan tana fitowa har waje. "Ki gane mana. Dangin mijin ƙanwarki sun cika gidan, kuma mun ce musu kina makaranta. Ki roƙi likita ya ƙara miki sati biyu."

"Ai na warke, Yaya."

"Haka kika ce bara."

Maigadi ya kau da kai, ya hau gyaran rediyonsa da ba abin da ya same shi. A tsallaken titi, kantin magani a buɗe yake. Ta dubi kantin, ta daɗe tana dubansa.

Sai ta goge wayar da bakin mayafi, ta miƙa wa maigadi da hannu biyu, ta ja bencin zuwa inda inuwa ta koma.