Mi Fa, Baffa?

Ku da kuka san Baffa Manu, ƙanen mahaifina, kun san ba zakara ke tashin unguwarmu a Kaoje ba, jitarsa ce. Wurin wani tsohon soja ya samo ta a Dahome, tare da darasi guda: kullum a hau sauti a sauko kamar tsani. Ana sallame asuba zai kife turmi ya zauna, yana tsinkar tsirkiya ɗaya bayan ɗaya yana rerawa, "Do, re, mi, fa..."

Inna Kulu maƙwabciyarmu ta leƙo ta darni. "Mi fa? Kullum mi fa, mi fa! Wa ya taɓa ka?"

"So, la..."

"So? La ila! Da furfurarka?"

Bayan la'asar kuma sai kamun yatsu: ya danne tsirkiyoyi tare, ya garza, ya sauya kamu, ya sake garzawa. Ko ranar da ruwa ya cinye shinkafarsa, a cikin kwalekwale ya yi abinsa. Na ce, "Baffa, yaushe za mu ji waƙa?" Ya ce, "Tukuna, yatsun ba su nuna ba."

Kunya kam na sha ta, a kasuwa ɗan Mi-fa ake kirana. Shekarar samun 'yancin kai na nemi auren Habsu a Geza, ubanta ya aiko cewa ba ya haɗa zuri'a da makaɗa. Na zazzage wa Baffa, "Ka ga abin da ka ja mini!" Washegari ya rataya jita ya ce in biyo shi. Wayyo, na so ƙasa ta tsage!

A zauren uban Habsu ya hau tsaninsa, sauti na zamewa, murya na karkacewa, har akuya ta tashi ta fita. Dattawa suka yi dariya har da hawaye. Maigidan ya share ido ya ce, "Wallahi wanga ba makaɗi ba na. Na ba ku."

A hanyar gida Baffa ya zauna gindin tsamiya, ya ɗaure tsirkiyoyin da ashe da gangan ya sassauta. Sai ya kaɗa wata waƙa mai daɗi, har mata masu tallar nono suka sauke ƙwarya suka tsaya.

"Baffa, ashe ka..."

"Yi shiru, kada surukinka ya jiya."

Bai sake kaɗa waƙa a gaban kowa ba har ya rasu. Yau kunyar kaina nake ji. Allah ya jiƙan Baffa, ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa nawa.