Ƙafar Hamisu da Albashinsa

Shekara tara ke nan da rasuwar ƙanena Hamisu, wanda duk Bebeji aka fi sani da Lamba Bakwai. Shekaranjiya a tasha na tarar da matasa suna ta musu kan wani ɗan ƙwallon Turai, wai ko wasansa ya kai albashinsa. Da Hamisu na nan, dariya zai yi ya ce a ba shi na sati guda ya gwada. Ni tashi na yi na bar wurin.

Wata ƙungiya yake yi wa wasa a birni. A gari kallon mai kuɗi ake yi masa, alhali abin da ake biyansa bai wuce takin gonarmu da maganin Inna ba. Duk da haka da shi gidanmu yake tsaye, kuma ni na fi kowa sanin hakan.

Ya zo hutun Sallah, abokai suka matsa sai ya buga musu wasan gari, abin da ƙungiyarsa ta hana. Nan aka karya shi a ƙafa, har ƙashi ya huda fata.

"Yaya, kai ni asibiti," ya ce.

Na ce, "Asibiti takarda za su rubuta, manyanku su ji, a sallame ka. Mu je Yako wajen maɗori, sati uku ka miƙe."

Shi kansa maɗorin da ya duba, cewa ya yi, "Malam, wannan raunin a buɗe yake, aikin likita ne." Na yi ta roƙonsa har ya ɗaura. Hamisu ya miƙa masa ƙafar, don bai taɓa musu da ni ba. Ranar da muka kai shi asibitin, ƙafar ta riga ta yi baƙi, zazzaɓi ya gama cinye shi.

Yau ana ta auna ’yan wasa da abin da suke karɓa. Ni ma na auna nawa, na fifita albashin a kan ƙafar, wallahi abin yana cina kullum.

Abokansa suna tuna gudunsa, maƙwabta suna tuna fara’arsa. Inna kuwa duk safiyar da na durƙusa gaishe ta sai ta sa mini albarka saboda jinyar da na yi wa ɗanta. Ina amsawa da amin. Har yau ban gaya mata cewa ya roƙe ni asibiti ba.