Rawanin Aro

Shekarar da soja suka koma bariki, kowa a Katsina maganar 'yanci yake yi, har 'yan kabu-kabu. Cikin wannan zumuɗi wasu samari suka zo daga Kano da kyamara ɗaya tal, suka ce za su shirya fim kan yadda aka hana cinikin bayi, a gindin ganuwa wajen Ƙofar Guga.

Ni lokacin littattafan soyayya sun gama da ni. Akwai yarinyar da nake so a Ƙofar 'Yandaka. Nakan rubuta mata wasiƙa in fesa turare, in kira ta fitilar zuciyata. Takan karɓa, amma ba ta taɓa amsa mini ba. Na ƙudurta ranar da ta gan ni a talabijin, magana ta ƙare.

Da na je neman shiga fim ɗin, darakta ya dube ni, ga rama ga manyan idanu, ya ce, "Kai ne jaruminmu. Bawan da aka raba da masoyiyarsa, a ƙarshe a kwance masa igiya su haɗu."

A unguwarmu ba mai faɗa, amma kowa ya san kakar babana sayo ta aka yi. Na ce fatata ba ta son igiya. Na yi ta roƙo har aka mai da ni dillalin bayi, da rawanin aro da bulala. Ba ni kaɗai ba, mu da yawa muka yi kokawa a kan rawunan nan. Igiyar kuwa wani ɗan gidan malamai ne, wanda asalinsa ba ya da ja, ya rataya ta yana dariya. Ya tuɓe riga aka shafe shi da toka.

Sai jira. Wata da watanni kullum ina leƙa shagon kaset. Kowace wasiƙa sai na ce mata ta shirya ganin yadda rawani ke yi mini kyau.

Kafin kaset, fastar tallar fim ɗin ta iso. Fuskar ɗan gidan malaman ta cika takardar, igiya a wuya, idanu a sama, kamar zai yi kuka. Ni ina can kusurwa na ɗaga bulala, rawanin ya karkace. 'Yammata suka riƙa tsayawa gabanta suna dafe ƙirji.

Duk da haka bayan la'asar na tafi gidan su yarinyar. Gwaggonta na tarar a zaure tana tsince wake.

"A'a, Alhaji mai bayi! Sannu da fatauci. Nawa ka sayar yau?"

Na durƙusa na gaishe ta, na ce ai wasa ne, Gwaggo.

"Na sani. Amma mi ya sa ka ƙi igiyar? An ce kai aka fara ba." Ta busa waken. "An nuna mini hoton. Duk masu rawanin nan na san kakanninsu, ɗaya bayan ɗaya. Da ka sa igiyarka, ɗan nan, wallahi ba wanda zai tuna."

Yarinyar ta fito da lulluɓi. Na miƙe ina gyara murya, na haddace jimloli uku masu zafi. Ta riga ni.

"Don Allah, shi bawan, da gaske ya yi kukan? Ai kun saba, ko?"

Na ce mun saba.

Ta miƙo mini wasiƙa a ninke, karo na farko a rayuwata. Na gane ƙamshin, irin turarena ne. Ba sunana ke bayanta ba.

Na kai masa. Fim ɗin ya fito bayan salla. Ban kalla ba.